Neman shawara: zaɓen firem da jera hotunan iyali a bango

Uwargida daga Kano ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan aiki. Mun tare a sabon gida bayan ƙaramar sallah, kuma ina da hotunan iyali guda 23 waɗanda nake son in ga wasunsu a bango maimakon su ci gaba da zama a akwati da cikin waya. A cikinsu akwai hoton mahaifin maigidana, Allah ya jiƙansa, na baƙi da fari wanda aka ɗauka a shekarun 1960 lokacin yana aikin koyarwa, kuma bai fi tafin hannu girma ba. Akwai na auren iyayena na shekarun 1980, wanda launinsa ya fara komawa ja, da na mahaifiyata da ta ɗauka a shekarar da ta sauke farali, da na maigida lokacin bautar ƙasa. Sauran duk na yara ne, na suna da na sallah da na saukar Alƙur'ani, kuma waɗannan a waya suke, ba a wanke su ba tukuna.

Bangon da na yi niyya shi ne wanda ke bayan kujera mai zaman mutum uku a falo. Tsawonsa mita 4 ne, ginin bulo ne da aka yi wa filasta, fentinsa ruwan madara, kuma yana fuskantar babbar taga wadda hasken rana ke shigowa ta cikinta daga bayan azahar har kusan magariba.

Abin da nake son sani shi ne: firem ɗin su zama iri ɗaya ko a gauraya, kuma na katako ya fi ko na alminiyam ko waɗannan na roba masu ruwan zinare da suka cika kasuwa? A wane tsayi ya kamata a rataye su, kuma yaya za a yi kada filastar ta farfashe wajen buga ƙusa? Sannan wani mai shago ya ba ni shawarar in kawo tsofaffin ya liƙe su a cikin leda da injin zafi domin kada su ƙara lalacewa, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Kafinta mai haɗa firem ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya sa rai aka yi wa. Zan fara da abin da ba ki tambaya ba, domin shi ne zai yanke sauran: hotuna 23 sun yi wa bangon nan yawa. Kujera mai zaman mutum uku faɗinta kusan santimita 200 ne, kuma jeren da ke samanta ya fi kyau idan bai wuce kashi biyu cikin uku na faɗinta ba, wato kimanin santimita 135. Wannan fili ba zai ɗauki fiye da firem bakwai ko tara ba sai an cunkusa, kuma da zarar an cunkusa ido ba ya tsayawa a kan kowa, sai mutum ya ga tarin gilashi kawai.

Game da abin da za a yi firem ɗin da shi, kowanne yana da halinsa a yanayin ƙasarmu. Katako na gaske, musamman maɗaci, ya fi kowanne kwarjini, amma da sharaɗin ya bushe sarai kafin a yanka shi. Ɗanyen katako idan ya shiga hunturu yakan tsuke, sai ki ga kusurwoyi huɗun nan sun buɗe baki, kuma ta nan ƙura take samun hanyar shiga. Ki sa hannu ki ɗan murɗa firem ɗin a shago. In kusurwa ta motsa, ki ajiye shi. Akwai kuma wanda ake yi da garin katako da aka matse, wanda ake kira MDF. Yana da araha kuma yana da santsi, amma ba ya jure laima ko kaɗan, damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura idan bangon yana tsatsafo da danshi. Alminiyam ba ruwansa da gara, ba ruwansa da laima, ba shi da nauyi, sai dai ya fi dacewa da hotunan zamani fiye da na dattawa. Na roba masu ruwan zinare kuwa, ni ba na ba da shawararsu, domin ruwan yakan dishe ko ya riƙa ɓarewa, kuma tun yana sabo ma ƙyallinsa yana janye ido daga fuskar da ke ciki.

Ra'ayina shi ne launin firem ya zama ɗaya, girma kuma ya bambanta. Hotunanki ba zamani ɗaya suka fito ba: ga baƙi da fari, ga wanda ya yi ja, ga na waya masu kaifin launi. Idan aka ƙara musu firem kala-kala, babu abin da zai nuna cewa gida ɗaya suka fito. A kan bango ruwan madara, ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi siriri, wanda faɗin bakinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, shi ne zai haɗa kansu.

Batun tsayi, abin da ake bi a ɗakunan baje kolin zane shi ne tsakiyar hoto ta kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, domin nan ne daidai idon mutum matsakaici idan yana tsaye. Idan hotuna da yawa ne, ana ɗaukar jeren gaba ɗaya a matsayin hoto guda, a sa tsakiyarsa a wannan tsayi. Ki bar santimita 20 ko 25 tsakanin saman kujera da firem na ƙasa domin kada kan mai zama ko hularsa su riƙa taɓa shi, sannan tazarar da ke tsakanin firem da firem ta zama santimita 5 zuwa 7, kuma ta zama ɗaya a ko'ina. Wannan tazarar ita ce ake yawan yi wa sakaci, alhali ita ce ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo.

Kafin a taɓa bango, ki shimfiɗa firem ɗin duka a ƙasa ki yi ta sauya musu wuri har sai kin gamsu. Daga nan ki yanki tsohuwar jarida daidai girman kowanne, ki yi alama a kan takardar inda maratayinsa yake, ki manna takardun a bango da tef ɗin takarda wanda ba ya ɗebe fenti, ki bar su kwana biyu kina kallonsu safe da yamma. Idan kin tabbata, a huda ta kan alamar, sannan a yage takardar.

Ƙusar kankare da guduma su ne ke farfasa filasta, musamman a bulo mai rami. Ƙaramin firem ba laifi a yi masa siririyar ƙusa, a manna ɗan tef a wurin kafin a buga, a kuma karkata ta ƙasa kaɗan. Babba kuwa a huda da inji, a sa robar fisha, wato robar da ake cusawa a ramin domin ta riƙe sukuru, sannan a ɗaura sukurun. Ki tuna gilashi mai kaurin milimita 2 nauyinsa kilo 5 ne a kowace murabba'in mita, saboda haka firem mai santimita 40 da 50 gilashinsa kaɗai kilo ɗaya ne, ban da katako da allon baya. Kada kuma a huda daidai saman soket ko makunnin fitila ko ƙasansu, domin ta nan bututun wayar wuta yakan miƙe a cikin bango.

Mai ɗaukar hoto daga Zariya ya amsa:

Ranki ya daɗe, zuciyarki ta gaya miki gaskiya game da liƙe tsofaffin hotuna a leda. Kada ki yarda. Injin yana amfani da zafi da gam, kuma da zarar ledar ta kama fuskar hoto babu mai iya raba su ba tare da ya ɗebe hoton ba. Abin da ya dace da katin shaida bai dace da hoton da ya haura shekara hamsin ba kuma babu na biyunsa a duniya.

Babbar shawarata ita ce kada asalin tsohon hoto ya hau bango ko kaɗan. A kai shi a yi masa sikanin, a wanke kwafi, kwafin ne zai shiga firem, asalin kuma ya koma inda babu haske babu laima, a cikin ambulan na farar takarda mai kyau, kowanne shi kaɗai, ba tare da roba ko fil ko salatif ba. Dalili shi ne haske yana cin hoto a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Jan da kika gani a hoton auren iyayenki alama ce cewa ɗaya daga cikin rinin nan uku da ake haɗa hoto mai launi da su ya riga sauran dishewa. Na baƙi da fari ya fi juriya domin da azurfa aka yi shi ba da rini ba, amma shi ma zafi da danshi suna sa shi yin rawaya ko tabo. Bangon da kika kwatanta, wanda ranar yamma ke duka kai tsaye, shi ne mafi muni ga hoto a duk falon, balle a Kano inda zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Ko kwafi ne za a sa a wurin, sai an yi wa tagar labule mai kauri.

Wajen sikanin, ki ce a yi shi a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Hoton da bai wuce inci 3 da rabi da inci 5 ba, idan aka yi masa haka zai iya fitowa a inci 7 da 10 ba tare da ya dusashe ba. Kada a matsa a ce sai ya zama ƙaton hoto, domin abin da kyamarar wancan lokaci ba ta kama ba, babu injin da zai ƙirƙiro shi da gaskiya. Ki kuma ja kunnen mai gyaran: ya cire tabo da karce, ya daidaita launin na auren, amma kada ya goge fuskar dattijo har ta zama sumul kamar ba ta mutum ba, kada kuma ya shafa wa baƙi da fari launin da ya ga dama. 'Ya'yansa sun san fuskarsa, kuma za su gane idan an canza ta. Idan ana son ƙaramin hoto ya cika babban firem, sai a sa shi a tsakiyar farin kwali mai taga, a bar masa fili mai faɗi a kewaye. Wannan yana ƙara masa daraja fiye da a buɗa shi har ya ɓaci.

Kwalin nan mai taga yana da wani amfani da ya fi ado. Yana hana fuskar hoto taɓa gilashi. A watan Agusta, lokacin da iska ta cika da laima, hoton da ke manne da gilashi yakan kama shi, kuma ranar da aka zo cirewa sai rabin fuskar ta bi gilashin. Na sha karɓar irin waɗannan a shago, kuma abin da kawai ake iya yi shi ne a yi sikanin ɗinsu tare da gilashin. A nemi kwali marar asid idan da hali, a kuma guji yin allon baya da kwalin taliya ko na sabulu, domin yana sa takarda ta yi rawaya. A toshe bayan firem ɗin da tef mai faɗi saboda ƙura da kyankyasai.

Na wayar kuma akwai abu biyu. Na farko, kada ki aika wa mai wanki ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse hoto, sai wanda nauyinsa ya kai megabait 3 ko 4 ya dawo ƙasa da rabin megabait, ya yi kyau a fuskar waya amma ya fito a dagule a takarda. Ki aika shi a matsayin fayil, ko ki je da wayar a ɗauka da igiya. Na biyu, siffar hoton waya ba ɗaya take da siffar takardun wanki ba. Yawancin wayoyi suna ɗauka ne a ma'aunin 4 da 3, alhali takardar inci 8 da 10 ma'auninta 5 da 4 ne, ta inci 4 da 6 kuma 3 da 2. Dole a yanke wani gefe, kuma idan ba ki tsaya an yi a gabanki ba, za ki tarar an datse hular yaro ko allon saukarsa. Hoton kyamara mai megafiksel 12 yana isa inci 10 da 12 lafiya lau idan an ɗauke shi da isasshen haske. Ki zaɓi takarda marar sheƙi, domin mai sheƙi a bayan gilashi tana mayar da hasken taga, sai mutum ya riƙa ganin fuskarsa maimakon hoton.

A wuri ɗaya na ɗan saɓa wa Malam kafinta. Hoton marigayin ya cancanci firem nasa na dabam, na katako mai ɗan kauri, ko da sauran duk siraran baƙaƙe ne. Guda ɗaya da ya bambanta ba ya ɓata jere.

Wata dattijuwa daga Katsina ta amsa:

'Yata, maza sun gama miki bayanin awo da katako, kuma ban da abin da zan ƙara a kai. Ni abin da na fi ji miki shi ne wa za a sa, wa za a bari, kuma wa zai hau saman wa, domin a nan ne bango yake jawo magana a cikin dangi, kuma maganar takan daɗe fiye da fentin.

Babba ba ya zama ƙarƙashin yaro. Surukinki marigayi da iyayenki su ne a sahun sama ko a tsakiya, ku a gefensu, yara a ƙasa. Sannan ki duba da kyau: kin ambaci hotunan iyayenki guda biyu, kin ambaci na mahaifin maigida, amma ban ji kin ambaci mahaifiyarsa ba. Idan tana raye, ranar da ta shigo ta ga mahaifiyarki a bango ita ba ta nan, ba za ta ce komai ba, amma ta gani. Ki tambayi maigidan ko 'yan'uwansa mata su nemo miki nata, kuma ki nemi izininta kafin ki sa, domin akwai iyayen da sam ba sa son a rataye hotonsu. Idan marigayin ya bar matan aure fiye da ɗaya, to ki yi shawara da maigida tukuna, ko dai a sa su duka a girma ɗaya, ko kuma a tsaya a kan nasa shi kaɗai. Haka yara: idan ɗaya ya sami na saukarsa, kowa ya sami nasa, girma ɗaya, ko da na ƙaramin na ranar suna ne kawai. Yaro yana ƙirga irin wannan fiye da yadda manya suke zato.

Ki kuma tuna falo wurin baƙi ne. Abokan maigida za su zauna, masu gyaran wuta za su shigo, kuma yanzu kowa da waya a hannunsa. Hoton mace babu mayafi, ko na 'yan mata cikin kwalliyar biki, ɗaki ne wurinsa. Wannan ba tsohon yayi ba ne, kiyaye mutuncin gida ne.

Game da tsayi, a gidajen da muka taso can sama ake rataye hoto, kusa da rufi, a sunkuyar da shi gaba da igiya. Ba rashin sani ba ne ya sa, tsare shi ake yi daga hannun yara da kuma girmama mai hoton. Na yarda da kafinta cewa a ƙasa an fi ganin fuska, balle mu da muke yawan zama a kan darduma, amma idan kina da masu hawa kujera su yi tsalle, ki ɗaga jeren da taƙi ɗaya, babu abin da zai ragu.

Wajen tsari kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wadda ta taɓa yin jeren ɗakin amarya ta san cewa babba ake fara kafawa a tsakiya, sannan abin da aka sa a dama a sa kwatankwacinsa a hagu. Ki bi wannan, idonki zai gaya miki inda ya karkace. Abu na ƙarshe, ki rubuta a bayan kowane firem sunan mai hoton da garin da shekarar, da fensir a kan allon baya. Mu da muka san fuskokin nan ba za mu dawwama ba, kuma ina da hotuna a akwati waɗanda yau babu wanda ya rage da zai gaya mini ko su wane ne.

Wani malamin makaranta ya amsa:

Malama, Allah ya albarkaci gidan. Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma na ga ya kamata a faɗe shi domin ki yi abinki a kan sani. Malamai sun yi saɓani kan hoton kyamara. Wasu suna ganin ya shiga cikin hanin da ya zo a hadisai game da surar abu mai rai, ba sa halatta shi sai don lalura kamar fasfo da katin shaida. Wasu kuma suna ganin kama inuwa ne kawai, kamar abin da madubi yake yi, saboda haka ba su haramta shi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a ƙasashenmu, abin da aka haramta shi ne sura mai jiki wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, wadda ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle kuwa hukuncinta bai kai haramci ba, ko da yake barinta ya fi. Har a cikin masu halatta ɗaukar hoto akwai da yawa da ba sa son rataye shi, musamman na mamaci, saboda gudun wuce iyaka wajen girmamawa da kuma sabunta baƙin ciki. Wannan magana ce da ya kamata ku zauna ke da maigida, ku tambayi malamin da kuka amince da iliminsa, kuma kada ya zama abin da zai sa wani daga cikin iyayenku ya ƙi yin salla a falonku.

Idan kun tsaya a kan ratayewa, to ki lura da wannan. Kin ce bangon yana fuskantar tagar da ranar yamma ke shigowa ta cikinta, wanda ke nufin bangon gabas ne. Alƙibla daga Kano gabas take, a ɗan karkace zuwa arewa, saboda haka duk wanda ya tayar da salla a falon, fuskokin nan ne za su kasance a gabansa. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Nana A'isha ta kawar da wani labule domin zanen da ke jikinsa yana bijiro masa a cikin salla. Ko ba don komai ba, wannan bangon a bar shi babu fuskar kowa.

Uwargida daga Kano ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mama, maganarki kan mahaifiyar maigida ta shige ni, kuma mun riga mun aika a tambaye ta. Mun yi shawara da shi, mun bar bangon falon saboda rana da kuma alƙibla. Inda muke tunani yanzu shi ne lungun da ya tashi daga falo zuwa ɗakunan kwana, wanda baƙo ba ya shiga. Tsawonsa ya kai mita 5, amma faɗinsa santimita 120 ne kawai, ba shi da taga, kuma ɗaya daga cikin bangayen biyu banɗaki ne a bayansa. Malam kafinta, shin lissafin da ka bayar yana nan, ko wuri irin wannan yana da nasa tsarin?

Kafinta mai haɗa firem ya sake amsawa:

Tsayin yana nan, Hajiya, amma tsarin zai canza. Da farko ki bar bangon da ke jingine da banɗaki: bututun ruwa suna cikinsa, kuma ko ba a huda su ba, irin wannan bango shi ne ke fara jiƙa har fenti ya riƙa kumbura. Ki yi amfani da ɗayan kawai, wanda hakan ma ya fi, domin firem a hagu da dama yana ƙara wa lungu matsi.

A wuri mai faɗin santimita 120 mutum ba ya iya ja da baya ya kalli babban hoto, saboda haka ba ki bukatar abin da ya wuce inci 8 da 10. A jera su a layi ɗaya, a daidaita tsakiyarsu a santimita 150, kuma a nan za a iya buɗa tazarar zuwa santimita 10. Idan aka bar rabin mita a kowane ƙarshe, mita 4 ɗin da suka rage za su ɗauki firem goma sha ɗaya ko sha biyu, kin ga kin sami fili fiye da na falo. Tunda layi ɗaya ne babu sama babu ƙasa, sai girma ya bi tafiya: dattawa daga bakin lungun, sannan ku, sannan yara bisa shekarunsu, ki kuma bar wuri a ƙarshe saboda masu zuwa. Wajen fitar da layin kada a auna daga tayil, domin daɓe ba ya rasa gangare. A ari ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, ko a yi amfani da siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa, a yi alama a ƙarshen biyu, a ja zare tsakaninsu.

Firem ɗin su zama marasa kauri, kuma kowanne a rataye shi a wuri biyu maimakon ɗaya, domin a lungu kafaɗa da kaya suna gogar bango, mai ƙusa ɗaya kuma kullum a karkace za ki same shi. A manna ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa ta baya domin iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango. Saboda yara, za a iya sa roba mai haske a madadin gilashi, ba ta fashewa, sai dai tana jan ƙurar hunturu kuma busasshen tsumma yana karce ta, don haka da laushin ƙyalle mai ɗan danshi ake goge ta. Idan gilashi kika zaɓa, a fesa ruwan gogewa a jikin ƙyallen, kada a fesa a kan gilashin, domin yana gangarawa ya shiga ta ƙasan firem ya jiƙa hoton. Fitilar lungun kuma a sa ƙwan LED mai ɗumin haske a rufi, domin ba ya fitar da zafin da zai dami takarda.